Rubutun Injiniya Rao

Motar ta faɗa wani rami jim kaɗan bayan sun bar Gwandu, kwamfutar ta zame daga cinyar Mu'az, ya tare ta da gwiwa kafin ta kai ƙasa. Su huɗu ne a matse a kujerar baya. Tsohon da ke gefensa, wani manomi daga Maruda mai kaji biyu a ƙarƙashin ƙafa, ya daɗe yana leƙen allon. Sai da Mu'az ya gyara zama sannan ya yi magana.

"Ɗana, wanga wane irin rubutu na? Ba boko ba, ba ajami ba."

Mu'az ya ce rubutun wasu mutane ne a kudancin Indiya, Telugu ake ce wa harshensu. Tsohon ya tambaya ko yana jin yaren. Ya ce ba ya ji, haruffan kawai ya sani. Yana iya karanta su da baki, amma bai san abin da suke cewa ba. Tsohon ya ce ai su ma hakanan suka taso da allo, sannan ya koma lura da kajinsa.

Tambayar ba sabuwa ba ce a wurin Mu'az. A gidansu na Gwandu, inda ya je duba mahaifiyarsa, an gaji da yi masa ita. Aikinsa na albashi a Kalgo yake, a ɗakin kwamfuta na jami'a, gyaran na'urori da saka wa ɗalibai manhaja. Wannan kuwa shi ya ɗora wa kansa. Da farko ajami ya so ya gyara, don ya riƙa fita a kwamfuta yadda malaman garinsu ke rubuta shi. Garin neman yadda ake sa haruffa su sauya kama idan sun haɗu, sai ya faɗa cikin wata ƙungiyar 'yan sa-kai a intanet masu fama da irin wannan matsala a nasu rubutun. Ya yi tambaya, suka amsa. Ya hango wani kuskure a aikinsu, ya gyara. Shugabarsu, wata malama mai suna Padmaja da ke Haidarabad, ta ba shi wani, shi ma ya gyara. Daga nan ya zauna.

Abin da suke ginawa manhajar rubutu ce don makarantun ƙauye: manyan haruffa a jere a kan allo, yaro ya taɓa wanda yake so ya fito. Haruffan kewayayyu ne kamar awarwaro, yawancinsu da 'yar ƙugiya a ka irin wadda malami ke yi wa amsar da ta yi daidai. Idan baƙaƙe biyu suka haɗu babu wasali a tsakani, na biyun sai ya ƙanƙance ya koma ƙarƙashin na farko, kamar ɗan tsako a jikin uwarsa. A nan matsalar take. A manhajar tasu wasu daga cikin waɗannan ƙananan ɓacewa suke yi. Ka taɓa harafin, kwamfuta ta karɓa ta adana, amma allo ya nuna babu komai. Mu'az ya shafe makonni yana bin sawun abin bai kama shi ba.

Sun kusa Kalgo, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, wayarsa ta yi ƙara. Jibrin ne, ɗan kawunsa, wanda ke shugabantar leburori a wani kamfanin casar shinkafa a bayan gari. Muryarsa a sama take. Ya ce injiniyansu Ba'indiye ya yanke jiki ya faɗi a bakin tankin jiƙa shinkafa, sun kai shi asibiti, bakinsa ya karkace, abin da ke fitowa babu mai ganewa.

"Kai ka san yarensu. Taho yanzu."

"Yaya Jibrin, ban san yarensu ba. Rubutun kawai na sani. Kuma Indiya yare ya fi ɗari, ban ma san wane yake yi ba."

"Ko mi ne ne, ka fi mu. Kai dai taho."

Daga tasha ya hau babur zuwa asibiti. Ya tarar da Jibrin a baranda tare da leburori biyu, ƙaiƙayi duk ya manne musu a gashi. A ciki, kan gadon da ke kusa da taga, wani siririn mutum ne mai furfura a gashin baki, har yanzu da rigar aiki a jikinsa. Hannunsa na dama a yashe yake kan zanin gado kamar ba nasa ba. Leburorin Injiniya Rawo suke ce masa. A katin da ke rataye a wuyansa an rubuta Ramana Rao.

Likitar, Dakta Habiba, ta ja Mu'az gefe ta yi masa bayani a taƙaice. Shanyewar ɓarin jiki ce. Mutumin yana gane abin da ake faɗa masa, amma Turancinsa ya ɗauke, ko da ya yunƙura sai wani abu daban ya fito, shi ma a murɗe. Wayarsa ta faɗa cikin tankin lokacin da ya faɗi. Manajan kamfanin yana Legas. Shi ma Ba'indiye ne, amma daga arewacin ƙasar, yarensu ba ɗaya ba, kuma da aka kara wa majinyacin wayar a kunne nishi kawai ya yi. Ta buɗe hannunta ta nuna wa Mu'az wata 'yar roba da aka samu a aljihunsa, da ƙananan ƙwayoyi a ciki, babu suna babu takarda.

Ta ce abin da take buƙata shi ne sunan wannan magani. Idan jini ne ya toshe masa jijiya a ka, asfirin zai taimaka. Idan kuwa jijiyar ce ta fashe, asfirin zai iya ƙarasa shi. Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a nan, don haka maganin da yake sha ne zai nuna mata inda za ta karkata.

Jibrin ya ce sun ba shi biro, amma zane-zane kawai ya yi da hannun hagu. Ya ciro takardar daga aljihu. Mu'az ya karɓa ya duba. Da'irori ne karkatattu, wasu sun hau kan wasu, layin ya gangaro ƙasa. Amma a kan uku daga cikinsu akwai 'yar ƙugiyar nan.

Ya kira lambar Padmaja, wadda bai taɓa kira ba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya tura mata saƙo cewa ta neme shi da gaggawa. Sannan ya jawo kujera kusa da gadon, ya buɗe kwamfutar, ya ɗora ta a kan matashi ta ɓangaren hagu.

Haruffan suka bayyana, manya-manya, baƙaƙe a kan fari. Rao, wanda tun ɗazu idonsa ke kan silin, ya juyo da kai a hankali. Ya tsura wa allon ido. Mu'az yana da kalmomin Telugu kaɗan a kansa, waɗanda ke rubuce a jikin maɓallan manhajar da kuma gaisuwar da ake buɗe saƙo da ita a ƙungiyar. Bai taɓa furta ko ɗaya a gaban mutum ba. Ya ce, "Namaskaram," yana jin yadda kalmar ta fito da nauyin harshen Gwandu.

Rao ya dube shi, ya dubi allon, ya sake dubansa. Sai ya ɗaga hannun hagu.

Likitar ta ɗaga robar a gabansa ta girgiza, ta nuna allon. Ya fahimta. Yatsansa na rawa, yana kuskure yana taɓa na kusa, Mu'az yana gogewa idan ya ga ya ɓata fuska. Aka daɗe kafin kalma ɗaya ta tsaya. Rao ya sauke hannu yana haki.

Mu'az ya karanta gaɓa-gaɓa: "Wa, ra, rin. Wararin."

Dakta Habiba ta maimaita a bakinta, ta girgiza kai. Ba ta san wani magani mai wannan suna ba. Ta tambayi nas, ita ma ba ta sani ba. Wataƙila sunan wani kamfani ne na can Indiya, in ji ta, wanda ba zai amfane su da komai ba.

Rao ya yi wani gurnani. Ya sake ɗaga yatsa, ya buga allon da ƙarfi, ba a kan wani harafi ba, a ƙarƙashin harafi na biyu, inda babu komai sai fari. Ya buga, ya sake bugawa, yana kallon Mu'az da idon da malamin makaranta ke kallon ɗalibin da ya ƙi ganewa.

Kunya ce ta fara zuwar wa Mu'az kafin komai. Ya juyo da kwamfutar gabansa, ya buɗe tagar da su masu ginin ke amfani da ita, inda kowane harafi ke fitowa a matsayin lamba. Lambobin nan ya haddace su fiye da lambar wayarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Tsakanin harafi na biyu da na uku akwai wanda allon ya haɗiye.

"Akwai harafin fa a nan," ya ce. "Ba wararin ba ne. War, fa, rin."

"Warfarin," in ji likitar, ta riga ta juya tana magana da nas. Ta ce a ajiye asfirin, a kawo allurar bitamin K, a kira direban motar asibiti a shaida masa Birnin Kebbi za su. Ga Jibrin, wanda ya biyo ta yana tambaya, ta ce maganin tsinka jini ne. Mai shan sa idan ya faɗi haka, an fi zaton jini ne ke zuba a kansa.

Ɗakin ya cika da zirga-zirga. Mu'az ya miƙa hannu zai rufe kwamfutar, amma Rao ya dafe ta. Bai gama ba.

Wannan karon ba kalma ɗaya ba ce. Ya yi ta taɓawa yana hutawa, wani lokaci idonsa ya rufe har Mu'az ya zaci barci ya ɗauke shi, sai ya buɗe ya ci gaba daga inda ya tsaya. An kira la'asar, Jibrin da leburorin suka fita suka yi salla suka dawo, yana nan yana rubutu. Ana neman direban motar, wanda aka ce ya je cin abinci. Nas ta zo ta yi allura a hannun da ba ya motsi ta tafi. Da layi na huɗu ya cika, Rao ya janye hannunsa ya ɗora a ƙirji.

Mu'az ya karanta a bayyane, ko wani zai tsinci wata kalma kamar ɗazu. Babu wanda ya tsinci komai. Shi kansa mai rubutun yamutsa fuska yake yi yana jin yadda ake furta masa harshensa. Mu'az ya kwafi rubutun ya tura wa Padmaja yadda yake, ba hoto ba, don ya san a tata na'urar haruffan da suka ɓace za su fito.

Ana gyara gadon ɗaukar majinyaci Padmaja ta kira. Muryarta ta ba shi mamaki. A ransa ya daɗe yana ba ta murya mai kauri, sai ga wata siririya, ta dattijuwa, da hayaniyar motoci a bayanta. Ta ce a cikin bas take, yanzu ta ga saƙonsa. Ya ba ta labari da Turanci cikin gaggawa. Ta karanta, sannan ta fassara masa a hankali.

Layin farko cewa yake a zubar da ruwan tanki na biyu kafin magariba, in ba haka ba shinkafar za ta yi tsami. Mu'az ya faɗa wa Jibrin, Jibrin ya dafe kai ya tura leburorin nan biyu a guje.

Sauran kuwa a kan 'yarsa ne. 'Ya ɗaya gare shi, Sirisha, tana aure a wani gari da ake kira Tenali. Uwarta ta rasu. Cikin Sirisha ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma cikinta na farko ya zube. Kada a gaya mata komai. Idan ta sauka lafiya, a faɗa mata.

Padmaja ta ce a sa wayar a kusa da shi. Mu'az ya buɗe muryar ya riƙe ta a gefen matashi. Ta fara magana da Telugu, a tausashe, da sauri, kalmomin na bin juna kamar ruwa a kwata. Mu'az bai taɓa jin harshen a bakin mai rai yana yi da wani ba. Ya yi ƙoƙarin ganin haruffan a ransa yayin da take faɗa, amma sun fi shi gudu. Hawaye ya gangaro daga idon Rao na hagu ya shige cikin kunnensa.

Daga baya ta koma Turanci ta ce ta tambaye shi ko zai yarda ta nemi mijin yarinyar, shi kaɗai. Rao ya riga ya ɗaga yatsa. Harafi kaɗan ya taɓa. Wannan kalma Mu'az bai buƙaci fassararta ba, domin ita ce a jikin maɓallin da ake dannawa idan manhaja ta yi tambaya mutum bai amince ba.

"Ya ce a'a," in ji Mu'az.

A baranda Dakta Habiba ta tsayar da su, shi da Jibrin. Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, ba ta da tabbacin zai wayi gari. Kuma can Birnin Kebbi, idan aiki ya kama, za su nemi wani nasa ya sa hannu. Jibrin ya ce mutum ya ba da amana da hankalinsa, shi dai ba zai karya ba. In yarinyar ta ji wani abu ya same ta, wa zai ɗauki alhakin? Likitar ta ce ita ba huruminta ba ne, ta dai faɗi abin da ta gani. Duka biyun suka dubi Mu'az, kamar sanin haruffan ya mai da shi dangin mutumin.

Da aka zo ɗora Rao a mota, ya riƙe gefen kwamfutar ya ƙi saki. Nas ta yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsunsa, Mu'az ya ce ta bari. Ya hau motar ya zauna a kan ɗan bencin gefe, kwamfutar na tsakaninsa da majinyacin, Jibrin ya zauna ta wajen ƙafa. Jakar kayansa da mahaifiyarsa ta cika masa da ƙuli-ƙuli tana can ƙarƙashin kujerar asibiti. Sai da suka hau titi ya tuna da ita.

Sun bar gari, rana ta yi sanyi, hadari na haɗuwa ta gabas. Rao yana kallon allon, ko da yake ba ya taɓa komai, haruffan suna rawa duk lokacin da motar ta taka gargada.

Sai wayar Jibrin ta yi ƙara. Ya ciro ta ya duba, ya ƙara matso da ita kusa da ido. Doguwar lamba ce, ba ta ƙasar nan ba. Ya ce cikin raɗa, akwai ranar da wayar Injiniya ta mutu ya ari tasa ya kira gida. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta yanke. Ba a jima ba ta sake yin ƙara.

"Karɓi," ya ce, yana tura wa Mu'az. "Turancina na kamfani ne."

Mu'az ya ɗauka. Muryar mace ce, yarinya, tana magana da Turanci a tsanake kamar ta shirya kalmomin tun kafin ta kira. Ta ba da haƙuri. Ta ce sunanta Sirisha, babanta yana aiki a kamfaninsu. Kullum yakan kira ta lokacin hutun rana, yau bai kira ba, kuma wayarsa ba ta shiga. Ko yana kusa?

Motar ƙarama ce, muryar kuma ta fito fili. Rao ya juyo da kai. Idonsa na hagu a buɗe yake tar a kan Mu'az. Ya ɗaga yatsa ya aza a kan allon, kan kalmar nan da ya rubuta a ƙarshe, wadda har yanzu ba a goge ba.

Ƙarya mai sauƙi tana nan a bakin Mu'az: wayar ta faɗa ruwa, Injiniya yana cikin aiki, zai kira gobe. Rabinta ma gaskiya ne. Ya dubi hannun daman da ke lilo a gefen gadon, ya dubi nas, wadda ke riƙe da ledar ƙarin ruwa tana kallon waje.

"Hajiya," ya ce, don bai san da wane suna ake girmama mace a can ba, "maigidanki yana kusa? Ki ba shi wayar."

Ya ji an ja kujera, ya ji takun ƙafa a hankali, takun mai nauyin jiki, aka buɗe wata ƙofa. Ta kira wani suna sau biyu.

Rao ya sauke yatsansa daga kan allon ya rufe ido.

Muryar namiji ta ce halo. Mu'az ya juya fuskarsa wajen taga, ya faɗi sunansa da sunan garin da yake, sannan ya fara ba shi labarin daga farko.